Haɗa Kayan Makarantar Kwana: Yadda Za Mu Shirya Ba Tare da Cin Bashi Ba

Duk shekara, da watan Agusta ya raba tsakiya, sai ki ga masu neman rance a taron ƙungiya sun yi yawa, kuma kusan kowa magana ɗaya ce a bakinta: yarinya ta ci jarrabawa, an ba ta makarantar kwana, ga takardar kaya an bayar, ga shi saura mako biyu a koma. Daga nan sai a shiga sayar da akuya a wulaƙance, ko a karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin za a ba shi masara in an girbe. Wata uwar kuma sai ta ce wa 'yar ta jira zango na biyu. To daga jiran zango na biyu ne yara mata da yawa suke zama a gida gaba ɗaya.

Matsalar ta lokaci ce. Makarantu suna buɗe sabuwar shekara a Satumba, mu kuwa a ƙauyukan Chikun, Kajuru da Kachia lokacin ne aljihu ya fi bushewa: kuɗi sun tafi taki da noma, rumbu ya yi ƙasa, amfanin gona bai gama nuna ba. Amma kayan makaranta ba kamar ciwo ba ne da ke faɗowa ba sallama. Tun yarinya na aji shida na firamare kin san ranar na zuwa. Abin da aka san da zuwansa kuwa, ana iya tara masa kaɗan-kaɗan. Wannan darasi zai nuna abin da ake buƙata a ɗakin kwanan ɗalibai, wanda za a fara saya, wanda za a jinkirta, da yadda asusunmu zai ɗauki nauyin.

Karatu kyauta ne, amma akwati na iyaye ne

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. A 2018 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da karatu kyauta ga 'yan mata a sakandaren gwamnati. Wannan ya rage nauyi sosai. Sai dai katifa, bokiti, sabulu da kuɗin mota suna nan a wuyan iyaye, ko a makarantar gwamnati irin Queen Amina College da ke Kakuri, wadda ke karɓar 'yan mata tun 1940, ko a makarantun mishan da na kuɗi da ke wajejen Sabon Tasha da hanyar Kachia.

Abu na farko: takardar makaranta

Kowace makaranta na da jerin kayanta, kuma ana duba su a bakin ƙofa ranar komawa. Wata tana son zanin gado fari, wata shuɗi. Wata ta yarda da akwatin ƙarfe, wata jaka kawai take karɓa saboda akwai loka a ɗaki. Kayan zaman gida ma launinsu ya danganta da gidan da aka sa yarinya. Saboda haka duk abin da ke da launi ko tambari, kar ki saya sai takarda ta zo hannunki.

Kafin ta zo, nemi tsohuwar takarda a wurin wadda 'yarta ke makarantar. In ba ki karatun boko, kawo ta taro sakatariya ta karanta a fili. Ki kuma tambayi yarinyar da ta riga ta yi shekara a can: me kika fi amfani da shi, me ya ƙare tun kafin ranar ziyara, me aka kai bai yi amfani ba? Amsarta za ta hana ki ɓarnar kuɗi.

Raba kayan kashi uku

In kika kalli takardar gaba ɗaya sai gabanki ya faɗi. Raba ta uku:

1. Na saye ɗaya: akwati, katifa, bargo, bokiti, faranti, fitila. In an sayi masu ƙwari suna iya kai ta shekaru, wasu har ta gama shekara shidan.
2. Na shekara-shekara: yunifom, takalma, zanin gado, tawul, kayan ciki.
3. Na kowane zango: sabulu, omo, audugar mata, littattafan rubutu, kayan ci.

Shekarar farko ce kawai ake haɗa ukun a lokaci ɗaya, shi ya sa ta fi kowace nauyi. Kashi na ɗaya kuwa ba ya lalacewa a ajiye, don haka ana iya sayensa tun da kaka, lokacin da akwai ɗan kuɗi a hannu.

Kashi na ɗaya: kayan ɗaki

Ki sani wurin yarinya a ɗakin kwana ɗan kaɗan ne. Gado ne mai hawa biyu, ita sama wata ƙasa, sai ɗan wurin da za ta tura akwati da bokiti. Duk abin da bai shiga nan ba, ko ya ɓace ko a ƙwace.

Akwati. Na ƙarfe ya fi, saboda ɓera ba ya huda shi, reza ma ba ta yanka shi. Maƙeran Panteka suna yin su girma-girma. In za ki saya, danna murfin da hannu ki ji kaurin ƙarfen, ki duba maƙalin kwaɗo ko an kama shi da kyau, ki tabbata tsayinsa zai shige ƙarƙashin gado. Jakar Ghana-mosgo ta yi wajen ɗauko kaya a mota, amma ba ta tsare komai.

Kwaɗo. Sayi mai makulli uku. Ɗaya a wuyan yarinya da igiya, ɗaya wurin malamar da ke kula da ɗakinsu, ɗaya a gida. In makulli ɗaya ne ya ɓace, sai an fasa akwatin.

Katifa. Ce wa mai shago katifar 'yan makaranta kike so, wato mai faɗin ƙafa biyu da rabi, tsawon ƙafa shida, kauri inci uku ko huɗu. Gwada ta: danna da gwiwar hannu ki saki. In ta dawo nan take soson na da nauyi, in ta bar rami to zango biyu za ta yi ta zama tabarma. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata. Ki sa tela ya ɗinka mata riga ta leda mai kauri. Ledar na kare ta daga jiƙa, kuma kuɗin cizo ba ya samun maɓoya. In ta gado ce daga wata yarinya, a shanya ta a rana mai zafi kwana biyu ko uku, a duba ɗinkin gefe-gefe sosai kafin a sa mata sabuwar riga.

Gidan sauro. Wannan ba a jinkirta shi, don zangon farko na farawa ne a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa. Mai magani irin wanda ake rabawa a asibiti shi ake so. In sabo ne a baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki. A wanke shi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, don rana na kashe maganin. Yana yin kamar shekara uku. Haɗa mata da igiya da allura da zare, saboda ƙaramar huda ma ƙofa ce ga sauro.

Bargo da rigar sanyi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shiga ɗakin kwana ta tagogin da ba su da gilashi, ga wanka da asuba da ruwan sanyi. Gwanjo mai kyau ya wadatar. A Kasuwar Barci ko Kasuwar Monde ta Kakuri za ki samu, kuma galibi sun fi sauƙi da bazara, lokacin da ba mai nemansu. A wanke, a shanya a rana, a ajiye.

Bokiti da jarka. Ruwa shi ne babbar wahalar makarantar kwana. Bokiti biyu in da hali: ɗaya na wanka da wanki, ɗaya mai murfi na ajiyar ruwa. Ga yarinya 'yar shekara 11 ko 12 kar ki sayi jarka mai lita 25, ba za ta iya ɗauka ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kin ga mai lita 10 ta ishe ta. A ƙara da buta, kofi, faranti da cokali biyu, na silba ko roba mai ƙwari.

Fitila. Ana ɗauke wuta, ga karatun dare, ga fita bayan gida. 'Yar tocila mai cajin rana ta fi mai batir, don batir kuɗi ne kowane wata.

Wasu makarantu na sa tsintsiya, fartanya ko lauje a jerin. Waɗannan muna da su a ƙauye, kar ki saya a gari.

Kashi na biyu: sutura

Yunifom biyu shi ne mafi ƙaranci, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Ki ce wa tela ya bar sarari a ɗinki ya kuma naɗe ƙasan da yawa, saboda a wannan shekarun yara na tsawo da sauri. In ta girma sai a warware. Kai ɗinki da wuri. A makon ƙarshe kowane tela a Sabon Tasha da Television cike yake da aiki, alkawarinsa ma sai a hankali.

Sai kayan zaman gida biyu, kayan wasanni, hijabi ko ɗankwali yadda makaranta ta tsara, kayan Juma'a ko na coci, darduma da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki. Takalmin sandal ɗaya mai ƙwari, kambas in an nema, silifas na wanka, safa ƙafa uku. Sabon sandal a kai wa mai gyaran takalmi ya bi shi da ɗinki tun kafin a sa, zai daɗe. Zanin gado biyu, rigar filo biyu, tawul ɗaya.

Kayan ciki kuwa kar a yi ƙoron su. Ɗan kamfai aƙalla shida na auduga, shimi, da rigar mama in ta kai. Yarinya na jin kunyar tambaya, ke za ki lura. In yaro namiji ne, gajeren wando da singileti ne a madadinsu, sauran kayan duk ɗaya ne.

Kashi na uku: kayan kowane zango

Zango ɗaya kamar mako 12 zuwa 13 ne. Da wannan za ki yi lissafi. Ki lura a gida sabulu ɗaya kwana nawa yake yi mata, sai ki ninka. Abubuwan su ne sabulun wanka da na wanki, omo, soso, buroshi da man goge baki, basilin ko man kaɗanya saboda kaushi da fashewar leɓe, mataji, abin yanke farce nata na kanta, littattafan rubutu, biro, fensir, rula da akwatin lissafi.

Ki ja mata kunne kan aron tawul, soso, mataji da reza. Ta nan ƙazuwa, makero da ƙwarƙwata ke zagaye ɗaki gaba ɗaya.

Audugar mata. Iyaye mata, a nan mu tsaya kaɗan. Yara da yawa a makaranta suke fara ganin al'ada, ba uwa ba yaya a kusa. Ko ba ta fara ba, sa mata fakiti ɗaya a ƙasan akwati, ki zaunar da ita ki yi mata bayani da bakinki: mene ne, yaya ake sawa, sau nawa ake canzawa, ina ake zubarwa, wa za ta gaya wa in ciwon mara ya yi tsanani. In ta riga ta fara, zango ɗaya wata uku ne, wato al'ada sau uku. Tambaye ta fakiti nawa take ƙararwa a wata, ki ninka uku, ki ƙara ɗaya. Wanda ake wankewa a sake amfani da shi yana rage kashe kuɗi, ƙungiyoyi da dama ma sun koyi ɗinka shi. Sharaɗinsa a wanke da sabulu, ya bushe ƙarau a rana. In kunya za ta sa ta ɓoye shi da danshi a ƙarƙashin katifa, zai jawo mata ƙaiƙayi da cuta. Ki nuna mata ta shanya shi a igiya ta rufa ɗan siririn ƙyalle a kai. Yarinyar da audugarta ta ƙare ba ta da kuɗi tana iya daina shiga aji, ko ta karɓi kyauta a hannun da bai kamata ba. Gara a rage biskit a cika wannan.

Kayan ci. Abincin makaranta ba ya ƙosar da yaro mai tasowa, dole a haɗa da ɗan abin taɓawa. Ba sai kin sayi kayan gwangwani masu tsada ba. Garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, yaji, cincin, dabino, aya, da garin kunu na soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa, yawancinsu daga gonarmu suke. Dambun nama in an soya shi ya bushe sosai yana daɗewa. Doka ɗaya ce: komai ya bushe, a zuba a roba mai murfi. Gyaɗar da ta yi danshi ta yi hunhuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, ko an soya ba ta fita. In kin ga ta canza launi ko tana ɗaci, zubar. Ki ƙulla kayan ƙulli-ƙulli na mako-mako, ki ce mata ta buɗe ɗaya bayan ɗaya. In a leda ɗaya suke, sati biyu an gama, musamman da siniyoyi sun gani. Sannan ki duba takarda, don wasu makarantu sun hana wasu nau'o'in abinci.

Abin da ba a sakawa a akwati

Waya, hita ta dafa ruwa, risho, kyandir, ashana, maganin sauro na kunnawa, wuƙa, man bilicin, sarƙa ko 'yan kunne masu tsada. In an kama a ƙwace, kin yi asara, ita kuma ta sha horo.

Hana kayan wuta ba mugunta ba ce. Ɗaki ne cike da katifun soso da gidajen sauro, yara da yawa, ƙofa ɗaya ko biyu. A Satumban 2024 gobara ta kashe yara maza 21 a ɗakin kwanan wata makaranta a yankin Nyeri na ƙasar Kenya. A Fabrairun 2025 almajirai aƙalla 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.

Haka nan maganin ƙwari irin su fiya-fiya da Sniper. Na san ana sa wa yara saboda kuɗin cizo, amma guba ne mai kisa, bai kamata ya kwana akwati ɗaya da garin kwaki a hannun yarinya ba. In ɗaki na da kuɗin cizo, iyaye su haɗu su sa makaranta ta yi feshi lokacin hutu.

Yadda asusu zai ɗauki nauyin

Irin tsarin da muke bi, na akwati mai kwaɗo uku da zubi mako-mako da rabo a ƙarshen zagaye, a ƙasar Hausa aka fara shi. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Dubarar ita ce a tara kaɗan a kai a kai saboda babbar buƙata da aka hango. Kayan makaranta irin wannan buƙatar ce sak.

Ga misali. Alƙaluman na koyo ne kawai, don farashi na canzawa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Ku je kasuwa ku tambayo na yau.

A ce kayan shekarar farko gaba ɗaya sun kama naira 80,000. Daga farkon Nuwamba zuwa farkon Agusta mako 40 ne. Raba 80,000 gida 40, ya zama naira 2,000 a mako. In hannun jari ɗaya a ƙungiyarku naira 500 ne, hannu huɗu ke nan duk taro. Wadda ta bari sai saura mako huɗu kuwa, naira 20,000 za ta nemo duk mako. Kaya iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, amma ɗaya na barci ɗaya ba ta yi.

In kuma rance ta ɗauka fa? A ƙa'idar da yawancin ƙungiyoyi ke bi, ba a ba ki fiye da ninki uku na abin da kika tara, don haka sai tana da kusan 27,000 a littafinta kafin a ba ta 80,000. In ƙungiyar na karɓar kuɗin hidima kashi 10 cikin 100 a wata, kuma ta riƙe kuɗin wata uku, za ta ƙara 24,000 a kai. Wannan ƙarin kaɗai ya isa wani babban ɓangare na kayan zango na biyu. Sannan katifa ba ta kawo riba da za a biya bashi da ita, daga jarin sana'a za a cire. Ga kuma Janairu na tafe da nasa.

Abubuwa biyar da ƙungiya za ta iya yi:

1. Daidaita ranar rabo. In yawancinku na da 'yan makaranta, ku tsara zagayenku yadda rabo zai faɗo ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Ku tattauna, ku kaɗa ƙuri'a, don wasu sun fi son rabo lokacin sayen taki.
2. Jakar makaranta daban. Ban da zubi da asusun taimakon gaggawa, a buɗe shafi na musamman a littafi. Mai so ta riƙa sa abin da ta iya, ba a taɓawa sai sayen kayan makaranta. Asusun gaggawa a bar shi don ciwo, gobara da rasuwa.
3. Sayen sari. Mata biyar ko shida su haɗa kuɗi, biyu su shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Sabon Tasha su sayo kwalin sabulu, omo, audugar mata da bandir ɗin littattafai, a raba a gaban kowa. An samu ragin sari, an kuma rage kuɗin mota. A dawo da rasit.
4. Sayayya a tsakaninmu. Mai ƙuli, mai sabulun ruwa, mai man shafawa, mai keken ɗinki, duk muna da su a ƙungiya. Kuɗin ya zagaya a cikinmu.
5. Kayan gado. Duk yarinyar da ta gama aji shida na sakandare ta bar akwati, bokiti da bargo. A rubuta su, a ba mai shiga aji ɗaya aro ko a sayar mata da sauƙi. A fara da marayu da 'ya'yan zawarawa.

Ga jadawalin saye: Nuwamba zuwa Disamba akwati da katifa. Maris zuwa Afrilu bargo, rigar sanyi, bokiti, fitila. Da takarda ta fito, yunifom, zanin gado da takalma. Agusta sabulu da littattafai. Makon ƙarshe kayan ci. Ki nuna wa maigida lissafin tun farko, ku raba wa zai ɗauki me. In kuma makarantar na cikin shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ke tallafawa kuma Kaduna na cikin jihohin da aka fara da su, tambayi shugabar makaranta ko akwai tallafin da 'yarki ta cancanta.

Sa suna da shirya akwati

A ɗaki ɗaya za ki samu bokiti iri ɗaya sun fi ashirin. Abin da ba suna ba shi da mai shi. Akwati da bokiti a rubuta da fenti. Kofi da faranti na roba a zana da ƙusa mai zafi. Tufafi, tawul da zanin gado a ɗinka sunan da zare, don biro na wankewa. Har silifas a yi masa alama.

Yarinyar ce za ta shirya akwatinta kina kallo, don ta san abin da ke ciki da inda yake. Littattafai da masu nauyi a ƙasa, tufafi a tsakiya, abin da za ta buƙata daren farko a sama: zanin gado, gidan sauro, tocila. Sabulu da omo a cikin bokiti, nesa da abinci, in ba haka ba garin kwaki zai ɗauki ƙamshin omo. Mai da duk abin da ke zuba a ɗaure a leda biyu. Katifa a naɗe a rufe da leda, don a Satumba ruwa bai ɗauke ba a Kaduna. A rubuta jerin kayan kofi biyu, ɗaya a manna cikin murfin akwati, ɗaya a gida. Ranar hutu a ƙirga da shi.

Kafin ranar, ki koya mata wanki, gyaran gado, ɗaura gidan sauro da ɗinke maɓalli. Wadda ta iya waɗannan ba ta zama abin tausayi a ɗaki.

Lafiya da tsaro

In tana da sikila, asma, farfaɗiya ko wani abinci da jikinta ba ya so, a gaya wa malamar ɗaki da ma'aikaciyar jinyar makaranta baki da baki, a damƙa musu maganinta. A je asibitin sha-ka-tafi da katin rigakafinta a tambaya game da allurar sanƙarau da ta mashaƙo, don cututtuka ne masu saurin yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, sanƙarau ma ya fi tashi lokacin zafi. Akwai kuma allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a 2023.

Maganar tsaro kuwa ba ma buƙatar a tuna mana. Ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 120 daga Bethel Baptist High School da ke kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, a ƙaramar hukumar Chikun. Haƙƙinki ne ki shiga ki ga inda 'yarki za ta kwana. Akwai katanga? Su wa ke gadi da dare? Ɗakin ƙofa nawa gare shi, kuma ana kulle su ta waje? Wace malama ke kwana kusa da su? Wace lamba za a kira?

Yarinya ta haddace lambar waya biyu, a kuma rubuta su cikin murfin akwati. A samu ɗan uwa ko amintacce a cikin gari, ko a Kakuri, Barnawa, Narayi ko Romi, a gabatar da shi ga makaranta a matsayin wanda zai iya ɗaukarta. A bar kuɗin mota na dawowa a hannun malamarta, saboda an sha rufe makarantu ba shiri, kamar lokacin korona a Maris na 2020. Ranar kai ta a tashi da sassafe, iyayen ƙauye ɗaya su haɗa mota ɗaya, a dawo da rana tsaka. Ki kuma gaya mata a fili: duk wanda ya taɓa ta, ko ya tsorata ta, ko ya ce kar ta faɗa, babba ne ko ɗalibi, ta faɗa miki, ba za ki yi mata faɗa ba.

Aikin taro na gaba

1. Kowace mamba ta faɗi yaranta da za su shiga ko suke makarantar kwana, sakatariya ta rubuta.
2. A kawo tsohuwar takardar kaya ɗaya, a raba ta kashi uku tare.
3. A zaɓi mata biyu su tambayo farashi a kasuwa, su kawo rahoto.
4. Kowa ta raba jimillarta da yawan makonnin da suka rage zuwa Agusta, ta ga nawa ne zubinta.
5. A yanke shawara kan jakar makaranta da ranar rabo, a rubuta a kundin dokokin ƙungiya.